Daminar Da Na Ƙi Riƙe Garma

Na san abin da ake faɗa muku a gari game da asalin jarina. Ba a faɗa a gabana, amma a ƙauye irin namu, inda katangar wannan gida ita ce katangar wancan, magana ba ta daɗewa ba ta zagayo ba. An ce ubanku ya kwanta ciwon ƙarya damina guda, ya bar yayansa da noma, ya ci kuɗin kamfani ya sayi awaki. Yanzu shekaru sun ja, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma suna ta ƙarewa, shi ya sa na ga gara ku ji daga bakina. Abin da na sani zan ce na sani. Abin da nake zato kuma zan ce muku zato ne.

A lokacin ina aiki a wata masaƙa a birni, a ɓangaren da ake tsefe auduga kafin a kai ta wurin kaɗi. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba ba zai gane ba. Kana shiga da baƙin gashi, ka fito da furfura har a gira. Idan ka fyace hanci da yamma, auduga ce ke fita. Muna kwana a birni mu da yawa a ɗaki ɗaya, ƙarshen mako in hau motar Minjibir in dawo gida. A gida kuwa gandu muke yi tun rasuwar mahaifinmu. Yayana Hamisu, wanda kuke kira Baba Babba, shi ne ke riƙe da gona, ni kuma albashina ke sayen taki da gishiri da sabulu. Rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, Inna mahaifiyarmu tana tsakiya tana raba mana tuwo da faɗa. Babu wanda ya taɓa zama ya ce ga rabon wane. Haka muka taso muka ga ana yi.

Tarin ya fara mini kamar na kowa a wannan ɗaki, sai ya ƙi tafiya. Daga baya ya zama idan na hau matakala sai na tsaya na dafa bango. Ban ji tsoron tarin ba kamar yadda na ji tsoron abin da na gani ya faru da Malam Tanko. Dattijo ne da ya riga ni shiga ɗakin audugar da shekaru masu yawa. Da ƙirjinsa ya gaza, sai aka kira shi ofis aka yi masa magana mai daɗi, aka ce ya ajiye aiki da kansa cikin mutunci. Aka shirya masa walimar ban kwana, muka sha lemo, aka ba shi rediyo da turmin atamfa na iyali, ya tashi yana hawaye yana cewa ya yafe wa kowa duniya da lahira. Bayan ɗan lokaci na gan shi da idona a bakin asibitin kamfani, riƙe da katinsa, mai gadi yana ba shi haƙuri. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da magani, ba shi da diyya. Da likitan kamfani ne ya duba shi ya ce aikin ne ya cinye masa ƙirji, da dole su ci gaba da yi masa magani su kuma biya shi haƙƙin sallama. Bambancin ke nan, kuma babu wanda ya gaya masa. Ya koma ƙauyensu da rediyonsa.

Saboda haka ranar da manaja ya kira ni, ya miƙo mini kujera, ya tambayi lafiyar Inna da sunanta, sai na gane inda aka dosa. Shekara da shekaru ina gaishe shi bai taɓa sanin ina da uwa ba.

“Malam Sale,” in ji shi, “mutum irinka bai kamata ya ƙare a cikin ƙura ba. Kana da gona, kana da iyali. Ka huta haka nan. Za mu yi maka abin da ba a taɓa yi wa wani ba.”

Na ce, “Na gode, ranka ya daɗe. Sai dai ina so babban likita ya fara ganina.”

Ya yi murmushi, ya ce ai likitan ba kullum yake zuwa ba, kuma layi yana da tsawo. Na ce zan jira. Sai ya ce to, za a ba ni hutun jinya har zuwa lokacin. Ina bakin ƙofa ya ƙara da wata magana, a hankali, kamar wanda ya tuna da ita a makare.

“Ka dai sani, mai hutun jinya kwanciya yake yi. Idan aka gan shi yana wani aiki, to shi ya sallami kansa.”

Da wannan maganar na hau mota. Damina ta riga ta sauka, gero ya kai gwiwa, kowa a ƙauye yana gona.

Ban yi zaton matsalar tana jirana a gida ba. Da na zauna na yi musu bayani, Inna ba ta ji komai ba sai kalma ɗaya.

“Ƙirji?” ta ce, ta waiga ta dubi ƙofa. “Rufe bakinka. Sanyi ne ya kama ka. Duk wanda ya tambaya, sanyi ne.”

Na ce, “Inna, ba irin tarin da kike tsoro ba ne. Ƙurar auduga ce.”

“Wa zai tsaya ya bambance? Kai kana birni, ba ka san mutanen nan ba. Gidan Malam Audu tun da aka ce tarin fuka, ko wuta an daina zuwa ɗiba.”

Gaskiya ta faɗa, kuma dole in ba ta gaskiyarta. Mahaifiyarku Rabi a lokacin man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli, rabin unguwa a wurinta suke saye. Gidan da aka ce akwai tari, babu mai sayen abin da zai sa a baki daga cikinsa. Sannan ga al'adar da muka gada: a wurinmu namiji ba ya karɓar ’yan dubiya a kwance. Ko ba ka iya ɗaga kai, za a tashe ka a wanke maka fuska, a sa maka riga da hula, a jingina ka da bango. Duk wanda ya ce yaya jiki, ka ce ka ji sauƙi, gobe ma za ka fita. Ba ƙarya ake ɗaukar wannan ba, rufin asiri ne da godiyar Allah. To ga ni a tsakiya. Gida yana so kowa ya gan ni lafiyayye. Haƙƙina kuma ba zai fito ba sai an gan ni yadda nake.

Ba a daɗe ba sai ga Malam Ilu a kan babur. Akawu ne a ofishin ma'aikata, siriri mai tsabta, mai sanyin murya. Ya zo da lemo a leda da gwangwanin madara, ya ce manaja ne ya ce a zo a duba ni. Kafin in ce komai Yaya Hamisu ya shigo ɗaki da babbar rigata ta Juma'a, aka fito da ni zaure kamar ango. Malam Ilu ya gaishe ni, ya yi addu'a mai tsawo, kowa ya shafa. Inna ta aiko masa da fura, tana ta sa wa kamfani albarka daga bayan labule.

Ni kuwa idonsa nake kallo. Tun ina ƙarami nake bin kawuna kara, wurin cinikin dabbobi, ranar kasuwa, na san yadda mai saye yake duban akuya alhali bakinsa yana hirar ruwan sama. Malam Ilu yana magana da Yaya, amma idonsa yana kan dugadugaina, yana neman jar ƙasar gona. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya daɗe, ina jin babban yatsansa yana shafa tafina, ko zai ji sabuwar kanta. Ya leƙa bayan ƙofar zaure inda muke jingina kayan aiki.

“Masha Allah, jiki ya yi kyau,” in ji shi. “Har ka fi kyan gani a kan yadda kake a birni.”

“Ai ya warke,” in ji Yaya Hamisu da sauri. “Ɗan sanyi ne. Iskar gida kawai yake bukata.”

Na buɗe baki, sai Yaya ya taka mini ƙafa.

Bayan tafiyarsa na ce wa Yaya mutumin nan ba dubiya ya zo ba. Ya yi dariya har da buga cinya.

“Kai dai Sale ba ka taɓa yarda da kowa ba. Mutum ya ƙona mansa tun daga birni, ya kawo maka madara, ka ce ɗan leƙen asiri ne? To madarar ma kada ka sha, wataƙila da kunne a ciki.”

Malam Ilu ya sake dawowa, ya kuma dawowa. Kullum da ɗan abu a leda, kullum ba ranar da ya ce zai zo ba. Wata rana ya biyo ta hanyar gona maimakon titi, ya ce wai ɓata ya yi. Mutumin da ya riga ya zo gidan ba sau ɗaya ba. Na daina fita ko bayan gida da rana. Ina jin ƙarar babur sai in kasa kunne. Har Rabi sai da na fara yi mata tambayoyi, wa ya zo sayen mai, me ya ce, me kika ce. Wata rana ta ajiye ludayi ta dube ni.

“Malam, ni ma cikin ’yan kamfanin nake?”

Na ce a'a. Amma ban daina tambaya ba.

Sai maganar gayya ta taso. Da ba na nan da hannu ba na nan da kuɗin ’yan ƙwadago, ciyawa ta fi ƙarfin Yaya, lokacin huɗa kuma yana wucewa. Ya ce zai kira gayya a babbar gonarmu ta bakin rafi, kuma da sunana za a kira, domin mutane sun fi fitowa idan an ce taimakon wanda ya tashi daga ciwo ne. Ku da kuka taso zamanin tarakta da maganin feshi ba ku ga gayya sosai ba. Samari da magidanta ne za su taru da garemaninsu, a kawo mai ganga, mata su dama fura su tuƙa tuwo, a gama gona kafin rana ta karkata. Kuma a ƙauyenmu ba a fara aiki sai mai gayya ya ɗauki garma ya yi saran farko da hannunsa, mai ganga yana yi masa kirari. Ko tsoho ne tukuf sai an riƙe shi ya yi. Daga nan ya koma inuwa.

“Sara uku kawai,” in ji Yaya. “Kowa ya gan ka a tsaye, bakin mutane ya mutu. Ka san an fara magana. Jiya matar liman ta aiko sayen mai, ta ce a tambaya ko kai ne ke tari da asuba.”

Na ce, “Idan wani daga kamfani ya gani fa?”

“Wa zai gani? Aljanu ne su?”

 A raina na ce in gayya ta zo babu baƙo, zan yi saran, domin Inna. Ban gaya wa kowa haka ba.

Ranar gayya hantsi ya yi kyau, ƙasa da laima. Aka sa mini riga, Yaya ya ɗauke ni a keke har bakin gona. Mutane sun fito fiye da yadda na zata, sun jeru a kan iyaka, mai ganga yana ɗaure tsarkiya. Ana cikin gaishe-gaishe na ji ƙarar babur ta hanyar rafi. Malam Ilu ne, kuma wannan karon ba shi kaɗai ba. Ya goyo wani mai kakin masu gadin kamfani, wanda na san fuskarsa a bakin ƙofa. Suka kafe babur a gindin ɗorawa, suka ƙaraso suna murmushi.

“Ashe yau da rabonmu,” in ji Malam Ilu. “Wannan abokin aikinmu ne, ya ce bai taɓa ganin gayya ba.”

Mutumin da ko daga maganarsa ka san a ƙauye aka haife shi, wai bai taɓa ganin gayya ba. Nan take na gane lissafin. Mutum ɗaya idan ya ce ya gani, ana iya musa masa. Mutum biyu shaida ne. Abin da ban gane ba shi ne yadda suka san ranar, domin ba a daɗe da tsayar da ita ba.

Mai ganga ya fara. Ya kira sunana, ya kira sunan ubana, ya kira kakana wanda aka ce shi ya fara sare wannan fadama. Jikina ya yi yarr, ba zan ɓoye muku ba. Yaya Hamisu ya zo da garmar mahaifinmu ya miƙo mini da hannu biyu. Kowa ya zuba mini ido.

Ban karɓa ba.

“Karɓi mana,” in ji Yaya ƙasa-ƙasa. “Mutane suna kallo.”

Na ce, “Na ga suna kallo.”

Na tuɓe babbar rigar na ninke, na zauna a ƙasa daga ni sai ’yar shara, kowa ya ga yadda ƙasusuwan wuyana suka fito. Ganga ta tsaya. Na ɗaga murya iyakar yadda ƙirjina ya bar ni.

“Jama'a, na gode da kuka fito, Allah ya saka da alheri. Amma ba zan yaudare ku ba. Ni ban warke ba. Ba sanyi ba ne, ciwon ƙirji ne, kuma a wurin aiki na same shi. Tun da na dawo ban taɓa garma ba, yau ma ba zan taɓa ba. Malam Ilu, ga ka ga abokinka, ku kai wannan.”

Tarin ya taso mini a daidai nan, ban nema ba kuma ban danne shi ba. Na yi shi har hawaye suka zubo. Da na ɗago na ga waɗanda ke kusa da ni sun ja da baya. Wani dattijo ya rufe hancinsa da hannun riga. Yaya Hamisu yana tsaye da garma a hannu, fuskarsa kamar an mare shi a kasuwa.

“Ka kashe mu, Sale,” ya ce. “Ka kashe gidan nan a kan kuɗin masaƙa.”

Ya juya ya yi saran da kansa. An yi gayyar, ba zan ce ba a yi ba, amma ganga ba ta sake daɗi ba. Da aka kawo abinci daga gidanmu, da yawa suka ce sun ƙoshi, wasu suka ce ana jiransu a gida. Tuwon da mahaifiyarku da sauran mata suka wuni suna tuƙawa ya dawo a masaki kusan yadda ya tafi. Malam Ilu bai jira fura ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwon zafi. Cinikin Rabi ya mutu a mako guda. Man da ta matsa ya zauna a kwalabe har ya fara wari, sai ta riƙa bai wa wata ƙawarta a Ungogo tana sayar mata a can inda ba a san mu ba. A masallaci aka ajiye mini moɗa daban a gefen randa, ba wanda ya ce mini komai, na dai zo na tarar. Idan aka ta da salla sai in ga ɗan fili dama da hagu. Inna ta daina yi mini magana sai ta bakin Rabi. Wasu kuma, da suka ga ban mutu ba, sai suka juya suka ce ai dama ba ciwon komai, wasan kwaikwayo na yi a gaban ’yan birni. Mutum ɗaya zai guje ka da safe don kana da tarin fuka, da yamma ya ce ƙarya kake yi. Daga nan labarin da kuke ji ya samo asali.

Mahaifiyarku ce kaɗai ba ta taɓa ce mini don me ba. Abin da ta ce shi ne, “Tunda ka fara, to kada ka tsaya a rabi. In ka sake suka kore ka hannu wofi, man nawa ya tafi a banza.”

Sai da aka yanke gero sannan aka aiko cewa babban likita zai gan ni. Aka ɗauki hoton ƙirjina, aka gwada kakina. Ba tarin fuka ba ne, ƙurar auduga ce ta toshe hanyoyin numfashi, kuma ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa. Likitan ya ce ba zan koma ɗakin nan ba har abada. Da bakinsa aka sallame ni, ba da nawa ba. Aka bar mini katin asibiti, aka biya ni haƙƙina bayan ’yan kai-komo. Ba a yi mini walima ba, ban kuma sami rediyo ba. Likitan ya gargaɗe ni da ƙura kowace iri, har ta hatsi. Shi ya sa ban shiga harkar buhuna ba duk da ta fi riba a lokacin. Na koma kara, inda na san abin da nake kallo, na fara da awaki ’yan kaɗan. Maganin kamfani shi ya riƙe ni har masaƙar ta rufe, lokacin kuwa na riga na iya saya da kaina. Ba don wannan ba, Allah ne masani, amma ba na jin da na ga auren ko ɗaya daga cikinku.

Ranar da na je karɓar sallamar na haɗu da Malam Ilu a bakin ƙofa yana goge baburinsa. Ban yi niyyar kula shi ba, shi ya kira ni.

“Malam Sale, kada ka riƙe ni. Aike ne, ni ma ina da yara.”

Na ce, “Ban riƙe ka ba. Abu ɗaya nake so in sani. Wa ya gaya muku ranar gayya?”

Ya dube ni da mamaki, ko na gaske ko na yi.

“Au, ba ka sani ba? Yayanka ne ya zo har ofis. Ya ce wa manaja ƙanensa ya warke sarai, in ba a yarda ba a turo mutum ranar kaza a gan shi yana noma, don a mai da shi bakin aikinsa.”

Na hau mota da wannan magana, ina juya ta har Minjibir. Yaya Hamisu bai san birni ba, ko kuɗin mota sai ya nema. Yana iya yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi. Shi a ganinsa albashina ne takin gonarmu, in na koma aiki gida ya tsaya, bakin mutane ya mutu. Wataƙila bai taɓa yarda da abin da na gaya masa game da hutun jinya ba, tunda a wurinsa ni mai zargin kowa ne. Wannan fassarar ita nake so. Amma ni ɗan kasuwa ne, na saba tambayar wa ya ci riba. Na gaya masa sharaɗin da bakina, ba sau ɗaya ba. Ya tambaye ni ko su aljanu ne da za su gani, alhali ya riga ya je ko yana shirin zuwa. Sannan kafin rani ya ƙare, babban ɗansa Nura ya sami aiki a wannan masaƙar, a lokacin da ake rage mutane ba ɗauka ba, kuma ba a ɗakin auduga aka sa shi ba. Waɗannan abubuwa na san su. Abin da ya haɗa su, shi ne zato.

Ban kai maganar gaban Inna ba. Shi ma bai jira ba. Bayan an gama sussuka ya kira ni ya ce gandu ya ƙare, kowa ya ci gashin kansa, domin ba zai ci gaba da noma wa mutumin da ya kunyata shi a gaban gari ba. Na ce to. Inna ta yi kuka, ta ce da ta san haka da ta mutu kafin ubanmu, amma ba ta hana ba. Aka raba rumbu, aka raba tukunya. Gona kuwa aka bari sai ruwan farko, saboda a sami damar dasa gamba a kan iyaka.

Ranar mai unguwa ya zo da igiya da dattawa biyu. Aka auna gonar bakin rafi aka tsaga ta gida biyu. Da suka gama suka koma inuwar ɗorawa suna cin goro, aka bar ni da Yaya a kan sabuwar iyakar. Shi yake haƙa rami yana sa saiwar gamba, ni ina miƙa masa, don har lokacin ba na iya sunkuyo da yawa. Muka yi nisa da dashen. Sai na ga in ban tambaya yau ba, ba zan sake samun wurin tambaya ba.

“Yaya, kai ka je ofis?”

Bai ɗago ba. “Na je.”

“Ka san abin da zai faru da na karɓi garmar nan?”

“Da ka koma aikinka kamar kowane namiji.”

“Da an kore ni babu magani. Na gaya maka.”

“Kai ka faɗa.”

Na bari ya dasa guda biyu. Sannan na ce, “Me suka ce za su yi maka?”

Ya tsaya. Na ga hannunsa ya ƙanƙame ƙotar fartanya. Na jira ya rantse, ko ya zage ni, ko ya ɗaga hannu. Ko wanne ya yi, da na san inda na tsaya. Sai ya sa saiwar a rami, ya tura ƙasa, ya danne da diddige. Ya dubi ƙafafuna.

“Matsa,” ya ce. “Kana tsaye a nawa.”

Na duba, gaskiyarsa ne. Na matsa.

Ba mu sake ta da maganar ba har Allah ya karɓi ransa. Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabarinsa, kuma ko a lokacin ban san amsar ba. Ku ma ba ku sani ba, saboda haka kada wani cikinku ya kai wa ’ya'yansa ita a matsayin tabbas. Ku gaishe su, ku je sabgarsu, ku ci abincinsu. In kuma wata rana Nura ya ga dama ya gaya muku yadda ya sami aikin nan, ku saurara da kyau, ku lura da inda idonsa yake kallo.